Wanda Ya Wanke Injin Kurma

Bututu tara aka zaro daga rijiyar burtsatsen layin ranar Litinin, aka jera su a gindin tanki kafin a kawo sabon famfo. Ranar Laraba da safe mai gyara ya zo ya tarar da biyar. Huɗu sun yi ɓatan dabo. Farin ƙarfe ne da ba ya tsatsa, kowanne ya kai tsawon mutum biyu, kuma in babu su famfo ba zai kai ga ruwa ba.

Kafin rana ta take an ga guntaye shida a buhun Ɗan Gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa. Ya rantse a kwandon sharar Kurma ya kwashe su, kamar yadda ya saba kowace safiya. Jama'a suka ɗunguma zuwa rumfar Kurma, wadda ke kallon tankin. A layin duka shi kaɗai ke da injin yankan ƙarfe, irin wanda zartonsa doguwar ɗamara ce mai haƙora, tana zagaya taya biyu. Suka same shi tsaye riƙe da zarto da ya zubar da rabin haƙoransa. Injin kuma an wanke shi tas.

"Ya wanke ne don ya ɓatar da shaida," in ji wani daga baya.

Kurma ya bi bakunansu da kallo. Da kurumta aka haife shi, shekara ashirin da uku yana wannan rumfa. Ya ɗaga zarton yana nuna musu wani abu, ba wanda ya duba. Masu zafin kai suka ce a kira 'yan sanda. Ciyaman ɗin layin, mai gidan sanyin da ake sayar da kifin ƙanƙara, shi ya shiga tsakani.

"A yi masa sutura," ya ce. "Mai iyali ne. Ban da 'yan sanda. Ya kwashe kayansa ya bar mana layi kafin Juma'a ta wuce, magana ta ƙare."

Aka ce Ciyaman mutum ne mai tausayi.

*

Matar Kurma, wadda ake kira Uwar Tagwaye, ba ta tsaya kuka ba. Ta yafa mayafi ta tafi gidan kawunta. Shekara arba'in tsohon nan ya yi yana bin sawun ɓarayin dabbobi a daji, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa na ce masa Mai Sawu. Yanzu gwiwa ta zaunar da shi a ƙofar gida.

Ya saurare ta har ta gama.

"Ina mijin naki yake ranar Talata?"

"Ya tafi babbar kasuwa neman kayan aiki tun safe. Sai yamma ya dawo, bai ko leƙa rumfa ba."

"Wa ya gan shi?"

"Allah."

"Bayan Shi fa?"

Ta girgiza kai.

"Ki ji da kyau," in ji Mai Sawu. "Ni sawu nake bi, ba zumunta ba. In ya tsaya a ƙofar mijinki, zan faɗa a gaban kowa."

"Kawu, in shi ne, ni zan ɗaure masa kayan da hannuna."

Ya ce ta miƙo masa sandarsa.

*

A gindin tanki bai daɗe ba. Ƙafa ɗari ta tattake wurin tun safe. Ya dubi ƙasar ya yi tsaki, ya tsallaka zuwa rumfar.

Kurma ya durƙusa ya gaishe shi. Mai Sawu ya ce kada a taɓa komai, ya jawo benci ya zauna, ya yi ta kallo kamar wanda ya zo hutawa. Guduma a gurbinta. Tsintsiyar waya a rataye. Ƙasan injin da danshi, teburinsa ya fara jan tsatsa. A gefe bokiti ne a kife, da tsumma an matse shi an ninke uku an rataye a hannun injin.

"Bokitin wa?"

"Nasa ne," in ji Uwar Tagwaye. "Na wankin hannu. Kullum da ruwa a ciki, ban taɓa ganinsa a kife ba."

"Mabuɗin rumfa fa?"

Ta nuna wani tsohon ƙarfen taya a bakin ƙofa. "Ƙarƙashin wancan. Kowa ya sani. Mai son aron guduma ko sifana ya buɗe ya ɗauka ya mayar. Na yi magana har na gaji."

Sai Mai Sawu ya nuna zarton da ya lalace, ya buɗe tafin hannu alamar tambaya. Tun safe Kurma ke jiran wanda zai yi masa wannan tambaya. Ya sauko da zarto uku daga ƙusa ya shimfiɗa su. Ɗaya manyan haƙora, wara-wara. Ɗaya matsakaita. Ɗaya ƙanana ƙwarai, sai an shafa ake jin su. Ya ɗauko guntun bututun ya nuna kaurin bakinsa, bai fi farce biyu ba. Ya ɗora mai manyan haƙoran a kai. Bakin bututun ya faɗa tsakanin haƙori da haƙori. Kurma ya fizge hannunsa, ya yi alamar abu ya karye ya yi tsalle. Ya ɗora mai ƙananan. Sai ya ɗaga yatsu uku ya danna su a kan ƙarfen.

"Yana cewa dole haƙora uku su zauna a kan ƙarfe lokaci guda," in ji matar. "In ba su kai uku ba, ƙarfen ne zai ci zarton. Mai manyan haƙora na dunƙulallen ƙarfe ne mai kauri, don garin ya samu hanyar fita. Bututu mai sirarin baki sai ƙanana."

Kurma ya buɗe bayan injin ya nuna bel. Gurbi uku ne, an mayar da shi kan na gudu. Ya girgiza kai, ya tafi da hannunsa a hankali kamar mai shafa kan jariri.

"Farin ƙarfe sannu-sannu ake binsa. In aka yi gudu sai ya yi zafi ya taurare. Ka ga bakin ya ƙone."

Mai Sawu ya juya guntun a hannu. Yankan a yage yake, ya yi shuɗi-shuɗi. Ya ɗauko wani guntu na tsohon aikin Kurma daga kwando. Wannan sumul, kamar an yanka sabulu.

"To ka gani, Kawu!"

"Na ga yanka biyu. Mai wayo yana iya ɓata aikinsa da gangan."

Ta fassara wa mijin. Kurma ya dube shi, ya dubi zarton da ya mutu, ya rungume shi a ƙirji. Wannan bai buƙaci fassara ba. Mai Sawu ya sa yagaggen guntun a aljihu ya tashi.

*

Bayan katangar rumfar wata tsohuwa ke zaune, ciwon ƙafa ya hana ta fita shekara biyar. Ya yi sallama, aka ba shi tabarma.

"Inna, jiya kina gida?"

"A'a, na je tseren keke. Ina zan je, Mai Sawu?"

"Me kika ji?"

"Yawwa. Kai ne na farko da ya tambaya." Ta gyara zama. "Jiya aka yi jana'izar Mai Faci. Bayan an sallace shi, maza duk suka bi gawa maƙabarta, mata suka tafi gidan rasuwa. Layi ya yi tsit. Sai injin nan ya tashi. Shekara ashirin ina jin sa ta katangar nan, gurnani yake yi kamar mage ta ƙoshi, har barci yake sa ni. Jiya kuwa ihu ya yi ta yi, kamar ana yanka akuya da wuƙa marar kaifi. Na toshe kunne."

"Ai mai injin ba ya ji."

"Ba ya ji da kunne. Ka taɓa ganinsa yana aiki? Tafin hannunsa na hagu ba ya barin jikin injin. Ya fi ka jin sa."

"Bayan ihun fa?"

"Sai na ji ana kwara ruwa. Na ce yau kuma wanka ake wa ƙarfe?"

*

Ɗan Gwangwan bai ɓata wa Mai Sawu lokaci ba. Da shi aka haƙa kabarin, mutum goma sun shaida, ga kumburin tafin hannu.

Kafinta ne abin dubawa. Shagonsa na jikin rumfar Kurma, ya daɗe yana ƙorafin tartsatsin wuta kusa da katakonsa, kowa kuma ya san yana son wurin don ya faɗaɗa. Bai je jana'iza ba. Yana da injin zarto irin wancan, na katako, mai manyan haƙora da gudu.

"Baba, na san abin da ya kawo ka," in ji Kafinta, bai ajiye aikinsa ba. "Ina son rumfar, ban ɓoye ba. Jiya kuwa ina asibiti, an cire mini haƙori." Ya wage baki ya nuna gurbin.

"Kai ma ka zubar da haƙori jiya ke nan."

Kafinta ya yi dariya, ya dafe kunci.

"Da wane zarto za ka yanka bututu?" in ji Mai Sawu.

"Da wanda na gani ya yi kama da nawa. Ni ba maƙeri ba ne."

Amsar ta yi daidai da ɓarawon. Mai Sawu ya zauna a kan wata kujera da ba a gama ba, ya jira. Da Kafinta ya gama yanka katakonsa, ya kashe injin, ya sunkuya ya hure garin da baki, ya kaɗe saura da hularsa. Teburin injin ya yi kauri da tsohuwar ƙura.

"Ba ka wanke shi?"

"Da ruwa? Baba, so kake ya yi tsatsa, katako ya kumbura? Wane mahaukaci ke sa wa inji ruwa?"

"Wa kuma ke da irin wannan inji a layin nan?"

"Ni da Kurma. Sai Ciyaman, in za ka kira abin yankan kifi inji."

Mai Sawu ya ce Allah ya ƙara sauƙin haƙori.

*

Washegari da la'asar ya tafi sayen kifi. Ciyaman ya tarbe shi da fara'a, ya sa aka kawo kujera. Mutum ne mai tsabta, farar riga, farcensa a yanke. Ba ya yarda kowa ya taɓa injinsa, shi ke yanka da kansa.

"Baba, na ji kana wahalar da gwiwarka. Ai mun kashe maganar cikin rufin asiri."

"Na ji. Ka kyauta. Ka je jana'izar?"

"Sahun gaba nake."

"Maƙabarta fa?"

"Ka san sana'armu. Ƙanƙara ba ta jiran kowa."

Ya ɗauko kifi daskararre kamar itace, ya tayar da injin. Zarton manyan haƙora ne, yana gudu har ba a ganinsa. Ya tura kifin da ƙarfi, gunduwa-gunduwa suka zube. Yana yanka yana hira. Ya ce masu duba tsabta sun matsa masa kwanan nan, sun ce ƙarafan da yake rataye kaya a ɗakin sanyi sun yi tsatsa, in bai sauya ba za su rufe shagon.

"Ka sauya?"

"Ana nan ana ƙoƙari."

Ya ƙulle kifin ya miƙa. Mai Sawu bai tashi ba, ya ce gwiwa ce, bari ta huce. Ciyaman ya kashe injin. Bakinsa na kan labarin tsadar man janareta, hannunsa na aikinsa shi kaɗai. Ya ɗauki bokiti ya kwara wa teburin ruwa. Ya goge zarton. Ya matse tsumma, ya ninke shi uku, ya rataye a hannun injin. Ya kife bokitin a gefe.

Mai Sawu ya ce gwiwar ta huce.

*

Ranar Juma'a da safe ya sa aka tara mutanen layin a gaban rumfar. Kurma ya riga ya ɗaure rabin kayansa a buhuna, matarsa na tsaye kusa da shi tana juya masa magana da hannu. Ga Kafinta, ga Ɗan Gwangwan, ga Ciyaman a kan kujera.

Mai Sawu ba mai dogon jawabi ba ne.

"Kun ce wanda ya wanke injin nan shaida yake ɓoyewa. Mai ɓoye shaida ba ya barin guntaye shida a kwandon ƙofa. Ba ya barin karyayyen zarto a kan inji. Wannan wankin ba na ɓoyo ba ne. Sabo ne."

Ya nuna zarto ukun da ke rataye.

"Mai rumfar nan ya san bututu sai ƙananan haƙora, sai tafiya sannu. Wanda ya shigo ranar Talata ya san yadda ake ɗaura zarto, ya san yadda ake mayar da bel. Ya saba da inji, bai saba da ƙarfe ba. Ya zaɓi zarton da ya yi kama da nasa, ya sa gudun da ya saba. Mutum biyu ke nan a layin nan."

Idanu suka koma kan Kafinta. Ya buɗe baki zai yi rantsuwa, Mai Sawu ya ɗaga sanda.

"Kafinta ko shagonsa ba ya sharewa."

Aka yi dariya. Kafinta ya ce, "Allah ya saka da alheri, Baba," ya share gumi.

"Na yi shekara arba'in ina bin ƙafa," in ji Mai Sawu. "Ɓarawo yana sauya takalmi, yana tafiya da baya. Abin da hannunsa ya saba yi kullum, shi ne ba ya tunawa ya ɓoye. Ku dubi bokitin can. Ku dubi tsumman. Duk wanda ya taɓa sayen kifi da yamma ya san inda ake ninke tsumma haka."

Wata mata ta ce "Innalillahi" ƙasa-ƙasa.

Ciyaman ya miƙe. "Baba, da girmanka? Saboda tsumma? Ni da na hana a kai shi wurin 'yan sanda?"

"Ka hana. 'Yan sanda bincike suke yi, shago-shago." Mai Sawu ya zaro guntun bututun daga aljihu. "Yankan nan a yage yake. Yagewa biyu ba sa zama ɗaya. Mu je ɗakin sanyinka. In babu ƙarfen da bakinsa ya haɗu da wannan, zan durƙusa a gabanka da gwiwar nan in nemi gafara."

Ciyaman ya dubi guntun. Ya dubi hanyar shagonsa. Sai ya koma ya zauna, ya cire hula ya riƙe ta a cinya.

"Kwana uku suka ba ni," ya ce. "Na zaga kasuwa ban samu farin ƙarfe ba. Na dawo daga sallar gawa, layi ba kowa, ga su a jere. Na ce tara ne, rijiyar za ta iya da biyar."

"Mijina fa?" in ji Uwar Tagwaye. Muryarta ba ta tashi ba. "Shi ma cewa ka yi layin zai iya ba tare da shi ba?"



Dattawan layin suka yanke cewa ya kawo sababbin bututu huɗu kafin mako ya zagayo, ya sauka daga kujerarsa, sauran magana kuma ta hukuma ce. Waɗanda suka fi kowa ɗaga murya ranar Laraba su suka fara matsowa ba Kurma haƙuri. Kurma ba ya buƙatar toshe kunne. Ya kawar da kai kawai, maganarsu ta faɗi ƙasa. Ya je ya ɗaga tsohon ƙarfen tayar, ya ɗauki mabuɗin da ya kwana a wurin shekara ashirin da uku, ya zura shi a igiya ya rataya a wuya. Mutane suka sunkuyar da kai suka watse.

*

Mai Sawu ya tsaya har aka kwance buhunan. Kurma ya kankare tsatsar teburin, ya shafa mai, ya mayar da bel gurbinsa. Ya ɗaura sabon zarto mai ƙananan haƙora, ya shafa shi da yatsa, ya ɗora tafin hagu a jikin injin. Yankan farko ya bi shi a hankali ƙwarai, don sabon haƙori sai an lallaɓa shi kafin ya saba. Guntun ya faɗo. Ya ɗauka ya miƙa wa tsohon da hannu biyu. Bakin sumul.

"Kawu, ka tsaya ka ci abinci," in ji Uwar Tagwaye.

"Ina da kifi a gida."

Ya sa guntun a aljihun da wancan ya fito, ya dogara sandarsa ya bi ta bayan katanga. Tsohuwar na zaune a inda ya bar ta, ta jingina kai da bango, idonta a lumshe. Ya yi sallama.

"Yi shiru, Mai Sawu," ta ce. "Ka bar ni in ji."